Semina da jagoran bincike a digiri na uku na tarihi: amsa ga wani malamin lise a Tawa

Wani malamin tarihi da ke koyarwa a wata lise a Tawa ya rubuto yana cewa: "Malam, an karɓe ni in yi digiri na uku a fannin tarihi a Yamai, kuma ina son in yi bincike a kan sarautar gargajiya a Adar a zamanin mulkin mallaka. Aikin koyarwa ba zai bar ni in riƙa halartar semina ba. Tunda na samu farfesan da ya yarda ya jagoranci aikina, shin ba zan iya wadatuwa da shi ba? Kuma me ya kamata in sa rai da shi daga gare shi?"

Ƙanena, ba za ka iya wadatuwa da shi ba, ko da kuwa shi ne ya fi kowa sanin tarihin Adar. Jagora da semina aiki biyu suke yi maka, kuma ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya. Jagora shi ne ke ɗauke da alhakin hukunci: shi zai ce wannan batu ya yi faɗi, wannan babi bai nuna ba, wannan kundi ya isa a kai shi gaban alƙalai. Semina kuwa a can ne ake koyon yadda ake tuhumar madogara, wato yadda ake ɗaukar takarda ko ruwaya a tambaye ta wa ya faɗa, ga wa, a wace shekara, kuma don me. Wannan sana'a ba a koyonta daga littafi, kuma mutum guda ba ya iya koya maka ita gaba ɗaya, domin kowane masani yana da wurin da idonsa ba ya gani.

Da wannan manufa aka ƙirƙiro seminar tun asali. Leopold von Ranke, masanin tarihin Jamus da ya koyar a Jami'ar Balin, ya riƙa tara ɗalibai ƙalilan a cikin shekarun 1830 suna karanta tsofaffin takardu tare, kowa yana kawo abin da ya gano, sauran suna suka. Bambancin wannan da lacca a fili yake, domin a lacca malami yana ba ka sakamakon bincike, a semina kuwa ana nuna maka yadda aka kai ga sakamakon, a kuma tilasta maka ka gwada da hannunka. Faransa ta ɗauki tsarin lokacin da ta kafa makarantar École Pratique des Hautes Études a birnin Faris a 1868, daga nan kuma ya shigo jami'o'in da suka gaji tsarin Faransa, har da tamu. A ƙetaren iyaka, sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1962, ya yi suna da tsananin muhawarar seminarsa, kuma a wannan sashe ne Yusufu Bala Usman ya yi bincikensa a kan tarihin Katsina, wanda ba ya rabuwa da tarihin Maradi.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba: almajirai suna zaune, ɗaya yana jan baƙi a littafinsa, malam yana fassara da sharhi, sauran suna amfana da darasin da ba nasu ba ne. Inda aka rabu shi ne, a semina ana bukatar na zaune su yi magana, su musanta wa mai karatu, wani lokaci ma su musanta wa malam, kuma wannan ne ya fi yi wa ɗalibanmu nauyi saboda tarbiyyar da muka taso da ita.

Bari in nuna maka da batunka abin da ke faruwa a zama mai kyau. Ka ɗauka ka kawo shafi biyu daga rahoton da wani kwamandan sarkal ya rubuta a kan tarihin wani kanto, inda ya ce gidan sarauta kaza ne ke mulkin garuruwan nan tun kaka da kakanni, kuma dukansu suna kai masa gaisuwa tun kafin zuwan Nasara. Ka raba wa kowa kwafi, ka ce ka samu hujja. Ɗalibin da ke aiki a kan Damagaram zai tambaye ka shekarar da aka rubuta rahoton, kuma in ya dace da lokacin da ake shata iyakokin kantuna ko ake rikicin gadon sarauta, to, mai ba da labarin yana da abin da yake nema. Wata ɗaliba za ta tambaya ko kwamandan yana jin Hausa ko Tamajak. In ba ya ji, maganar ta bi ta bakin tafinta, shi kuwa tafinta mutum ne mai dangi da surukai da abokan gaba a cikin garin. Wani zai tambayi abin da kalmar Faransancin da aka rubuta take wakilta a bakin masu maganar, ko haraji ne na dole, ko kyautar neman kariya daga harin maƙwabta, ko gaisuwar salla, domin mai mulkin mallaka da ke neman wanda zai tara masa lanho yana da dalilin karanta kowace kyauta a matsayin biyayya. Sai malamin da ke shugabantar zaman ya yi tambayar da ta fi duka ciwo: daga ina kwamandan ya kwafo? Tawagar Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka tsakanin yankin Faransa da na Ingila daga 1906 zuwa 1909, ta tafi da wani hafsa tafinta mai suna Landeroin wanda ya tattara tarihin ƙasashen da suka ratsa, aka buga a 1911, kuma marubutan baya da yawa sun dogara da shi. Saboda haka idan ka samu takardu uku sun yi ittifaƙi a kan jerin sarakuna, wajibi ne ka bincika ko shaidu uku ne ko kuwa shaida ɗaya ce aka maimaita sau uku. Kafin a tashi, shafukanka biyu ba su zama banza ba, amma sun daina zama hujjar abin da ya faru kafin zuwan Nasara, sun koma hujjar abin da wani gida yake son Nasara su yarda da shi a shekarar da aka rubuta su, wanda kuwa ga mai binciken sarauta a zamanin mulkin mallaka ya fi na farkon amfani.

Jagoranka zai iya yi maka biyu daga cikin waɗannan tambayoyi a ofishinsa. Ba zai yi maka duka ba, ba don gazawa ba, sai don yana karanta aikinka da idon abin da shi kansa ya yi shekaru yana bincike, kuma sau da yawa ya riga ya yarda da madogarar da kake amfani da ita.

Haka abin yake ga tarihin baka, wanda shi ne rabin aikinka. Nijar tana da gado babba a nan. An kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968 da taimakon UNESCO, wadda daga baya ta zama CELHTO a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, kuma cibiyar binciken ilimin ɗan'adam (IRSH) ta Jami'ar Abdou Moumouni tana riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda tushensu tarin Boubou Hama ne. Amma dattijon da za ka zauna da shi yau a Illela ko Buza ko Keita ba ya cikin duniyar da masanan nan Djibo Hamani da Nicole Échard suka tarar lokacin da suka yi bincikensu a kan Adar, wanda aka buga a 1975. Dattijon yau ya saurari rediyo shekara da shekaru, ɗansa ya yi lakwal, wataƙila ma akwai kwafin littafin Hamani a fada. Idan ya ce maka Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci Adar a 1674, da shekarar da komai, to, ka san cewa littafi ne ya dawo maka ta bakin mutum, domin ruwayar gargajiya ba ta ƙirga shekaru da lissafin Miladiyya. Jan Vansina, wanda littafinsa na 1961 ya kafa ƙa'idojin aiki da tarihin baka, da waɗanda suka biyo bayansa sun yi gargaɗi a kan wannan komawar rubutu cikin ruwaya. Gane ta kuwa sai da kunnuwa da yawa. A semina za ka kunna minti biyar na hirar da ka ɗauka, wani ya ce ya ji wannan jimla da kanta a wani gari mai nisa, wani ya lura cewa duk waɗanda ka yi hira da su maza ne na fada, babu talaka, babu mace, babu zuriyar bayi, babu Buzu, babu Bafillace, alhali kuwa sarauta ba ta fahimtuwa daga bakin masu riƙe da ita kaɗai.

Akwai kuma maganar harsuna. Tarihin Adar a ƙarni na 19 ya ratsa ta Sakkwato, ta yunƙurin malamin Buzaye Muhammadu al-Jilani, ta Buzayen Kel Geres da Iwillimmidan, kuma wani sashe na shaidarsa yana cikin Larabci, irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da wasiƙun sarakuna. In ba ka karanta Larabci, a semina ne za ka sadu da wanda yake karantawa, shi kuma yana neman wanda zai warware masa rubutun hannun kwamandoji. Yawancin taimakon da ɗalibi ke samu a digiri na uku daga ƴan'uwansa ɗalibai yake zuwa, ba daga farfesoshi ba.

Ba kowane zama da aka kira semina ne ya cancanci sunan ba, wannan kam gaskiya ne. Akwai wanda malami ke shigowa ya yi lacca awa biyu ya tafi, akwai wanda ɗalibi ke karanta shafi talatin da ba a raba wa kowa ba tun da wuri, a tafa masa, a ce Allah ya ƙara basira, a watse. Akwai kuma wanda manya ke amfani da ɗalibin abokin hamayyarsu su rama tsohuwar gaba. Duk da haka ina ba ka shawarar ka halarta, ka kuma gyara abin da ke hannunka: ka aika da rubutunka mako guda kafin ranar, kada ya wuce shafi goma sha biyar, ka haɗa da kwafin takardar da ka dogara da ita, kuma ka faɗa a farko inda kake da shakka. Ɗalibin da ya zo kare kansa yana fita da abin da ya shigo da shi. Idan ana sukar aikinka, ka rubuta, kada ka amsa kowace magana nan take. Wasu sukan za ka gane bayan mako guda cewa ba su da tushe, wasu kuwa za su sauya maka babi sukutum. Kuma kada ka zo ranar da kai ne mai gabatarwa kaɗai, domin sauraron mai aiki a kan yunƙurin Sawaba na 1964, ko a kan yunwar 1931 a yammacin ƙasar, yana koya maka dabarun da ba za ka taɓa cin karo da su a cikin batunka ba.

Na san tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma na san albashin malamin lise. Abin da nake gani mai yiwuwa shi ne ka nemi jadawalin shekara tun farkonta, ka zaɓi zaman da suka fi kusa da aikinka, ka haɗa kowace tafiya da kwanakin aiki a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ganawa da jagoranka, ta yadda kuɗin mota ɗaya zai biya bukata uku. Sau da yawa ana tara darussan makarantar doktora cikin mako ɗaya ko biyu a jere, musamman idan an gayyato malami daga waje, kuma wannan ya fi sauƙi ga ma'aikaci. Ka bincika tun yanzu adadin zaman da dokar makarantar ta wajabta, domin a tsarin LMD (lisans, masta, doktora) ana ƙirga halartar horo cikin sharuɗɗan kare kundi, kuma ba a son mutum ya gama rubutu sannan a ce masa bai cika ba. A Tawa kuma ka nemi mutum uku ko huɗu masu bincike, ko da ba a tarihi ba, daga Jami'ar Djibo Hamani ko daga cikin malaman lise, ku riƙa zama sau ɗaya a wata kuna karanta rubutun juna. Masanin shari'a ko na ilimin zamantakewa ba zai gyara maka shekara ba, amma zai gaya maka inda bai fahimci hujjarka ba. Halarta ta intanet tana rage asara idan layi ya yarda, sai dai rabin amfanin semina a bakin ƙofa ake samunsa bayan an tashi, lokacin da wani zai ja ka gefe ya gaya maka lambar akwatin da ya ga sunan garinku a ciki.

Game da jagora kuwa, ka fara da sanin halin da yake ciki. A tsarin CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da aka kafa a nan Yamai a 1968 wadda hedkwatarta ke Wagadugu, ba kowane mai digiri na uku ne ke da ikon jagorantar kundin doktora ba; sai wanda ya kai manyan matakai biyu na sama, wato mataimakin farfesa da cikakken farfesa. Irin waɗannan a fannin tarihi ƙalilan ne a ƙasarmu, kuma kowannensu yana koyarwa, yana duba kundayen masta, yana zaman kwamitoci, yana tafiya wasu ƙasashe alƙalancin kundaye. Sakamakon haka shi ne, ba zai neme ka ba. Ɗalibin da ya zauna yana jiran kiran malaminsa zai iya shekara ba a tuna da shi ba, ba kuma don an ƙi shi ba.

Babban aikin da za ka sa rai da shi daga gare shi a shekarar farko shi ne yanka batunka. "Sarautar gargajiya a Adar a zamanin mulkin mallaka" fage ne, ba tambaya ba ce, kuma shekara uku da tsarin LMD ya ware wa digirin ba za su ishe shi ba. Jagora nagari zai matsa maka har ka faɗi abin da kake son sani cikin jimla ɗaya: alal misali, yadda Faransawa suka zaɓi wasu gidaje suka mai da su sarakunan kanto suka bar wasu, da abin da hakan ya yi wa ikon mallakar ƙasa, a kantuna biyu ko uku da za a iya kwatantawa. Zai tambaye ka dalilin shekarar farawa da ta tsayawa. 1946, shekarar da aka soke aikin tilas da dokar da ke ba kwamanda ikon hukunta talaka ba tare da shari'a ba, iyaka ce mai ma'ana ga sarauta, ta yiwu ma ta fi 1960 ma'ana. Zai tambaye ka abin da za ka faɗa wanda Hamani da Échard da masana tarihin Nijar Kimba Idrissa da Finn Fuglestad ba su faɗa ba, kuma "ba a taɓa yin aiki a kan garinmu ba" ba amsa ba ce. Idan ya yanke maka rabin abin da ka ƙwallafa rai a kai, to, aikinsa yake yi.

Na biyu, shi ne zai tsara maka hanyar madogara gwargwadon ƙarfinka. Takardun mulkin mallaka na Nijar a warwatse suke: akwai na Yamai, akwai na gwamna-janar na Afirka ta Yamma a Dakar, inda rahotannin lokaci-lokaci na kowane yanki suke a jerin da ake kira 2G, akwai na ma'aikatar ƙasashen mallaka a Aix-en-Provence a Faransa, akwai na soja a Vincennes. Ga mai aiki a kan kudancin Adar da Ƙonni akwai kuma gidan adana takardun tarihi na Kaduna, domin yarjejeniyar 1898 ta zana wa Ingila da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, sai a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka gyara iyakar, kuma mutane ba su daina ƙetare ta ba don guje wa lanho da aikin tilas. Jagoran da ya san aikinsa zai gaya maka wanda ya zama dole da wanda za ka iya yafewa, ya rubuta maka takardar gabatarwa, ya haɗa ka da wanda zai ɗauko maka hoton takardu inda ba ka iya zuwa. Ya kamata kuma ya yi maka maganar tsaro ba tare da kwana-kwana ba, domin akwai sassan arewa da yammacin jihar Tawa da ba a shiga yawon hira a yanzu, kuma gara a gina batun a kan inda ƙafa ke iya kaiwa. A ganina hira da dattawa ita ce abin gaggautawa, tunda takarda tana jira.

Abin da ba zai yi maka ba shi ne rubutu, da gyaran Faransancinka jimla bayan jimla, da neman kuɗin bincike a madadinka, ko da yake zai iya nuna maka ƙofa. Kuma ba zai iya jagorantar abin da ke cikin kanka ba. Ɗalibai da yawa suna zuwa ofis su yi awa guda suna bayanin abin da suke shirin rubutawa, malam yana gyaɗa kai, su fita suna ganin an amince, alhali ba a amince da komai ba domin ba a ga komai ba. Ka kai rubutu, ko da shafi goma ne marasa kyau. Ka sa lambar shafi da kwanan wata, ka cika bayanan ƙasan shafi tun yanzu da lambar akwati da sunan wanda ka yi hira da shi da wuri da rana, ka ɗora gajeriyar takarda a sama mai cewa ga abin da babin ke son tabbatarwa, ga wurare biyu da kake neman ra'ayinsa. Ka tambaye shi ko a takarda yake son karatu ko a kwamfuta. Da yawa daga cikin manyanmu da jan biro suke aiki, kuma abin da aka tura ta WhatsApp yakan nutse a ƙarƙashin saƙonni ɗari. Idan rubutun ya dawo da "wa ya ce?" da "ina hujja?" a gefen kowane shafi, ka gode, domin wanda ya dawo fes ba tabo mai yiwuwa ba a karanta shi ba. Bayan kowace ganawa ka rubuta abin da kuka tsayar cikin layi biyar ko shida, da ranar da za ka kawo na gaba, ka aika masa. Wannan ƴar takarda tana kare ku duka biyu daga mantuwa. Ga wanda ke nesa kamarka, ganawa ta sosai a kan rubutu sau ɗaya a wata biyu ko uku ta wadatar, in dai ba ta yanke ba.

Sai maganar kunya, wadda ita ce ta fi lalata alaƙar ɗalibi da jagora a wurinmu, fiye da mugunta. Ɗalibi yana ganin malam ya yi kuskure a kan wata shekara ko wani gida, ya yi shiru don ladabi, ya rubuta abin da ya san ba daidai ba ne, sai ranar kare kundi wani alƙali daga waje ya kama shi, kuma a ranar ɗalibi ne ke tsaye, ba jagora ba. Zuwa shekara ta biyu ya kamata ka fi jagoranka sanin kantunanka, in ba haka ba aikin bai yi nisa ba. Ladabi yana cikin yadda ake faɗa, ba cikin yin shiru ba: ka kawo takardar ka ajiye a gabansa, ka ce, "Malam, ga abin da na tarar, ya saɓa wa abin da muka tsayar, yaya kuke ganinsa?" Ba a cika samun masanin gaske da ke fushi da takarda ba. A ɗaya gefen kuma, girmamawa ba ta nufin zama ɗan aike. Gaisuwa da zumunci al'adarmu ce, amma hidimar gida da kyautar da ta wuce ƙima suna ɓata ma'auni, su sa malam ya ji nauyin gaya maka gaskiya, kai kuma ka ji nauyin tambayar haƙƙinka.

Idan babi ya kwana a wurinsa wata biyu ba labari, ka tuna masa cikin ladabi, ka kuma ci gaba da na gaba maimakon ka zauna jira. Idan abin ya zama ɗabi'a, akwai matakai kafin a kai ga rabuwa. Makarantun doktora da yawa suna da yarjejeniyar da ɗalibi da jagora ke sa wa hannu, da kwamitin da ke bibiyar aikin kowace shekara. A Faransa dokar 2016 ta wajabta irin wannan kwamiti, kuma tsarin ya yaɗu. Ka karanta abin da ka sa wa hannu, ka ɗauki zaman kwamitin da muhimmanci, domin nan ne wurin da doka ta ba ka ka faɗi matsala ba tare da ya zama ƙara ba. Mafita mafi sauƙi sau da yawa ita ce a ƙara mataimakin jagora, malami matashi wanda bai kai matakin jagoranci shi kaɗai ba amma yana da lokacin karatu, kuma gara shawarar ta fito ta bakin babban. Sauya jagora gaba ɗaya halal ne, amma a fage ƙarami irin namu, inda wanda ka bari zai iya zama cikin alƙalanka ko cikin masu ɗaukar ka aiki gobe, sai an bi ta hannun shugaban makarantar doktora, a rubuce, ba tare da yawo da magana ba. Jagorancin haɗin gwiwa da wata jami'a ta waje yana buɗe ƙofar ɗakunan karatu da takardu, amma yana nufin malamai biyu da dokoki biyu, kuma in ba su jitu a kan tsarin kundin ba kai ne za ka tsaya a tsakiya. Kada ka shiga sai an rubuta wanda ke da maganar ƙarshe.

Ka tambayi makarantarku ko tana sharɗanta buga maƙala kafin kare kundi, domin da yawa suna yi, kuma mujalla takan ɗauki watanni kafin ta amsa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce babin da ya sha suka a semina, aka gyara, jagora ya karanta, shi ne zai zama maƙalar. A al'adar fannin tarihi marubuci ɗaya ne ke sa suna a kan aikin da shi ya yi, saɓanin fannonin kimiyya inda ake jera sunayen duk ƴan ɗakin gwaji, saboda haka ku yi maganar suna tun kafin a aika, kada ta taso bayan an karɓa.

Matakin ƙarshe yana hannun jagora: shi ne zai ba da izinin ajiye kundin, sannan a miƙa shi ga masu rahoto, galibi biyu ko fiye kuma har da na wata jami'a, waɗanda sai sun rubuta cewa ya cancanta kafin a sa ranar karewa. Kada ka matsa masa ya sa hannu don wa'adin rajista ya ƙure ko don wani gurbin aiki ya buɗe, domin rahoton alƙalai yana bin mutum cikin takardunsa duk lokacin da ya nemi aikin jami'a. Kafin a ajiye, ka roƙi a ba ka zama ɗaya na semina ka gabatar da kundin gaba ɗaya cikin minti ashirin, a yi maka tambayoyi kamar ranar gaske, kuma ka nemi a gayyato malami ɗaya da bai taɓa karanta ko shafi guda na aikin ba. Ka bar aƙalla wata biyu tsakanin wannan zama da ranar ajiyewa, domin gyaran da zai fito daga cikinsa ba na mako guda ba ne, musamman ga mai aji a Tawa da takardun jarrabawa suna jiran maki.